Tsaga Biyu a Kunnen Hagu

Ni mahauci ne, Barunje ɗan Barunje. A Talata Mafara aka haife ni, nan kuma nake sa ran za a binne ni. Na yi boko har aji biyu na sakandare, sai mahaifina ya ce ya isa haka, ya maido ni kwata ya miƙa mini wuƙa. Don haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace, ya yi haƙuri ko kada ya yi, duk ɗaya ne gare ni. Ba don a yaba mini na zauna rubuta shi ba.

Ɗiyata ta fari, wadda ba na kiran sunanta ko a gida balle a takarda, ita ce ta yi nisa a karatu. Ta shiga babbar makaranta tana koyon kiwon lafiyar dabbobi. Ni na matsa mata. Shekara talatin ina kallon masu farar riga suna zuwa kwata, su taɓa hanta da bakin biro su ce a zubar, kai kuwa ka yi shiru don ba ka san abin da suka gani ba. Na so a ce akwai mai farar riga ɗaya da ta fito daga gidana.

Karatun nasu rabinsa a waya ake yi. Tun da hanyoyi suka lalace, wasu malaman ba kullum suke iya shigowa gari ba, sai suka buɗe wa ɗalibai wani zaure a cikin waya. Nan malami yake ajiye darasi, nan ɗalibi yake sa aikinsa, sauran 'yan aji su duba su rubuta ra'ayinsu a ƙarƙashi. Ta nuna mini sau da yawa. Na ga abin kamar majalisar bakin kasuwa, kowa da bakinsa, sai dai babu tabarma. Ban ga laifinsa ba.

Mutum na biyu da ya kamata a sani shi ne abokin cinikina, wani Bafulatani daga wata ruga kusa da Faru, can ƙasar Maradun. Mun fi shekara ashirin tare. Ina ce masa Agwai, yana ce mini Kaɗo, irin tsokanar da ke tsakanin Bahaushe da Bafulatani. Shi ma ɓarayin daji sun taɓa shi, sun kore masa fiye da rabin garke, bai bi su ba, bai shiga cikinsu ba. Da zamani ya juya, Bafulatani ya daina shiga kara, kasuwar shanu, da dabba hankali kwance, sai ya riƙa kawo mini sa har gida ranar Asabar, ya kwana a zaurena, ya jira kasuwar Talata ya sayi gishiri da kanwa da maganin tsutsa ya koma. Shanun gidansu duk shaida ɗaya gare su tun zamanin kakansa, tsaga biyu a kunnen hagu. Na riƙe kunnuwan nan ban san iyaka ba.

A makon da abin ya faru ya kawo wani farin bijimi mai baƙin baki, na ɗaure shi a turke a tsakar gida. Ranar Lahadi da hantsi ina zaune kan benci ina cin shinkafa da wake, yarinyar ta fito da farar riga a kan hijabi da waya a hannu.

"Baba, a ba ni aron sanka minti biyar."

"Me za ki yi da shi?"

"Aiki aka ba mu. Kowa ya sami dabba ya duba ta, ido da dasashi da kunne, ya ɗauki bidiyo ya sa a zaure. Kuma malam ya ce dole fuskar mutum ta fito, don kada wani ya kwaso na wani."

Agwai yana tsugune gindin katanga yana asuwaki, ya ce, "Ke likita, ki duba shi da kyau, in kin ga cuta ki faɗa wa ubanki bayan na tafi. Amma kada ki sa ni ciki."

"Kawu, ai ba za ka fito ba."

Ta juya wayar tana kallon fuskarta, ta miƙa hannu nesa yadda ita da san za su fito tare. Ta ɗaga masa leɓe, ta ja fatar ido, ta kama kunne ta buɗe shi tana Turanci. Ni ina can baya ina cin abincina. Ko minti uku ba a yi ba ta gama.

Da la'asar na ji tana dariya ita kaɗai. Na ce mene ne. Ta yi ta ɓoyewa, daga baya ta miƙo mini. 'Yan ajin sun bar zancen sa, sun koma kaina. Wani ya rubuta wai ashe baban wance da hagu yake cin abinci. Wani ya sa fuskokin nan masu hawayen dariya. Na duba da kyau. Ga ni nan a kan benci, ina kai loma da hannun hagu kamar wanda ba a yi wa tarbiyya ba.

Na ce, "A'uzu billahi. Cire shi."

"Baba, malam bai duba ba tukuna. In na cire ba ni da maki."

Agwai ya leƙo, ya yi dariya har da buga cinya. "Kaɗo, ashe haka kake in ba a kallonka."

Mu uku muka tsaya kan wayar nan muna kallon hannuna. Babu wanda ya kalli kunnen sa.

Litinin bayan sallar asuba na yanka shi. Kafin azahar nama ya ƙare, fata ta tafi, kai kuma wata mai farfesu ta ɗauka aka babbake shi aka dafa aka cinye. Na faɗi wannan ne don a san cewa ranar Talata babu sauran kunnen nan a duniya sai wanda ke cikin waya.

Abin da ban sani ba, a cikin 'yan ajin akwai wani ɗan Bakura. Ya ga abin dariya, ya kwashe bidiyon daga zauren karatu ya tura wa 'yan uwansa. Daga nan ya bi wayoyi har ya kai hannun wani Alhaji na can Bakura, dattijo, wanda wata biyu kafin nan aka shiga gonarsa aka kore shanunsa duka, aka harbe ɗansa da ya fito da sanda. Shi bai kalli mai cin abinci ba. Farin bijimi ya gani, mai baƙin baki, yarinya ta buɗe masa kunne ga tsaga biyu. A kunnen dama. Shaidar gidansa ke nan.

Ranar Talata kasuwa ta cika, ina tsaye bakin tebur ina sara ƙashi, babura suka tsaya a gabana. 'Yan sa-kai ne, da gora da adda, biyu da bindigar toka. Alhajin yana bayan na farko. Na san shi, ya sha sayen nama wurina idan ya shigo. Na yi masa sallama, na fara gaisuwa. Wani mai jan rawani ya sa mini waya a fuska.

"Gidanka ne nan?"

"Gidana ne."

"San nan fa?"

"Na yanka jiya."

"Ka yanka." Ya juya ya kalli jama'a. "Kun ji, ya yanka."

Na ce, "Lafiya? Me ya faru?"

Alhajin ya yi magana a hankali. "Sana ne. Ranar da aka kashe ɗana aka tafi da shi."

Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba naka ba ne. Wannan tsagarsa a hagu take."

Mai jan rawani ya tsayar da bidiyon daidai inda ta buɗe kunnen, ya ja shi da yatsu biyu ya ƙara girma. "Duba. Wanne kunne ne wannan?"

Na duba. Dama ne. Babu ko shakka, dama ne.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya, don a nan na lalace. Ni na ɗaure san nan, ni na kayar da shi, ni na riƙe kansa na yanke. Shekara ashirin ina taɓa shaidar gidan mutumin nan. Kwana biyu kacal da suka wuce na ga kaina a cikin bidiyon nan ina ci da hannun da ban taɓa ci da shi ba. Duk da haka da na ga kunnen a waya, sai zuciyata ta ce, to ko dai Agwai ya cuce ni. Na yarda da gilashi, na ƙaryata hannuna.

Gorar farko a kafaɗa ta same ni, na ji ƙashi ya ce ƙas. Aka kife teburin, nama ya zube cikin ƙasa, wani ya kwashe wuƙaƙena. Suka ja ni da wuyan riga zuwa tsakiyar hanya. Sarkin Pawa ya taso yana cewa a tsaya a yi bincike, ni yaronsa ne, ya san ni tun ina goye. Aka ture tsohon ya faɗi kan buhun albasa. Wanda ya zo sayen barkono ma ya ajiye ledarsa ya zo ya sa ƙafa. Mutanen da nake yi wa gyara a kan kowane ciniki, na ga fuskokinsu daga ƙasa.

"Wa ya sayar maka?"

Aka buga mini gindin bindiga a baki, na tofar da haƙora biyu.

"Wa ya sayar maka, ɗan kai rahoto?"

Na ce a kara na saya, ban san mai shi ba. Wani dillali daga cikin taro ya ce ƙarya ne, san nan bai shiga kara ba. Aka taka mini hannun hagu a kan dutse, aka ɗora adda a wuyana, ba ta kaifin ba, ta bayan, don in ji sanyinta. Na ji wani yana cewa a kawo taya.

Agwai yana can tsallaken hanya wurin mai gishiri. Yana da lokacin gudu. Lungun masu tukwane yana bayansa, da ya bi nan ya ɓace. Da na ɗaga kai ta tsakanin ƙafafun mutane sai na hango shi ya ajiye ƙullin gishirinsa, yana ratsa taro yana nufo ni, yana ɗaga hannu yana cewa a saurara.

Aka tambaye ni na uku. Na ɗaga hannu na nuna shi.

Suka bar ni kamar an zubar da ruwan wanki. Na ji shi yana cewa, "Nawa ne, na gidanmu ne, hagu ne, ku tambayi Kaɗo." Sau biyu ya faɗa da Hausa. Na uku da Fulatanci ya fito, kuma wannan ya ƙara musu wuta. Sanda ta fara sauka a kansa, malafarsa ta yi gefe. Ya durƙusa ya rufe kai da hannuwa, aka sare hannun. Bayan nan ban ƙara ganinsa ba sai bayan mutane, da sanduna suna hawa suna sauka, da wani yaro matashi da ya ɗauko dutsen murhun mai ƙosai da hannu biyu. A gefe kuma wayoyi ne a sama, sun fi goma, kowa yana ɗauka. Ba a daɗe ba. Na sha yanka dabba, na san lokacin da ƙafa take daina motsi. Da aka gangaro da tayar, wani tsohon limami ya cire babbar rigarsa ya rufe gawar ya zauna a gefenta, ya ce duk mai son ƙonawa ya haɗa da shi. Wannan kaɗai ya hana.

Ɗiyata tana aji lokacin. A zauren nan nasu na karatu ta gani, wani ya sa bidiyon dukana yana tambaya ko ba baban wance ba ne. Ta hau babur ta zo, ta ratsa maza ba ta ko kalle ni ba, ta tsaya gaban Alhajin da wayarta.

"Baba Alhaji, don Allah ka duba nan. Wane ne wannan a kan benci?"

Ta ƙara matso masa da wayar.

"Mahaifina ne. Ka san shi. Ka taɓa ganin ya ci abinci da hagu? Duba buhun dusan nan na bayansa, karanta rubutun."

Mai jan rawani ya karɓa ya duba. Rubutun a juye yake, daga dama zuwa hagu, kowane harafi ya ba da baya.

"Idan ka ɗauki kanka da idon gaba na waya, juya hoton take yi kamar madubi. Dama ta koma hagu, hagu ta koma dama. Malaminmu ya rubuta mana haka tun jiya da safe, ga shi nan a ƙarƙashin bidiyon." Tana magana muryarta ba ta tashi ba. Ta juya wayar ta ɗauki Alhajin da carbinsa a hannun dama, ta nuna masa. Ya ga kansa riƙe da carbi a hagu.

Ya daɗe yana kallo. Sai ya zauna a ƙasa, cikin jini da ruwan kwata, da farar shaddarsa. Masu babura suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin jami'an tsaro su iso, kasuwar ta koma ciniki daga can gefe.

Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau. Amsar tana nan tun ranar Litinin. Malamin ya ga suna yi mini dariya, ya tsawata musu, ya yi bayani dalla-dalla, har ya ce duk mai duba dabba ya kula da wannan don kada ya rubuta ciwo a ƙafar da ba ita ba. Ajin duka sun karanta. Ɗan Bakuran ma ya karanta, har ya sa alamar yatsa a ƙarƙashi. Amma bidiyon ya fita shi kaɗai, bayanin ya zauna a aji. Abin dariya ne ke da ƙafa. Da yaron ya ji abin da ake shiryawa a garinsu, tsoro ya hana shi buɗe baki, don shi ya fara turawa.

Na yi mako uku a asibiti. Malamin ya zo gaishe ni, saurayi ne mai ladabi, ya tsuguna har ƙasa. Ya ce sun gyara tsarin, yanzu ba a iya kwashe aikin ɗalibi daga zaure, kuma sun ƙara darasi a kan haka. Na ce masa madalla, ya je Faru ya gaya musu sun gyara tsari. Ya sunkuyar da kai. Ban kyauta masa ba, na sani, bai kashe kowa ba. Ban kuma ba shi haƙuri ba.

Ranar da na dawo gida na ce ta ba ni wayar. Ta ba ni. Na ɗora ta kan kututturen sara, na sa gatari da hannuna mai lafiya, na yi ta sara har sai da ban gane gabanta da bayanta ba. Uwarta tana kuka a bakin ɗaki. Ita yarinyar ta jira na gama, ta kawo tsintsiya ta share gilasan don kada ƙannenta su taka. Ta ce, "Ranar Alhamis muna da jarrabawa, a ciki ake yi." Da wayar uwarta ta rubuta. Ta ci.

Bayan kafaɗar ta haɗe na ce zan je ta'aziyya. Kowa ya ce kada in je. Na hau mota zuwa Maradun, daga nan na ɗauki babur zuwa Faru, sauran na taka da ƙafa ta cikin gero. Ƙanen Agwai ne ya tarbe ni. Ya shimfiɗa mini buzu, muka gaisa yadda ake gaisawa, gida da iyali da gajiya da damina da haƙuri, bai rage ko ɗaya ba. Aka kawo nono, ban iya sha ba. Na fara shirya maganar da na kwana ina shiryawa, ya ɗaga hannu.

"Taso, Barunje."

Ya kai ni garke. Ba su fi ashirin ba, abin da ɓarayi suka bari. Ya kama saniya ta farko ya ce in taɓa kunnen. Na taɓa. Ya kama ta biyu. Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya, har 'yan maruƙa, ina sa yatsa cikin tsaga biyun nan, yana tsaye yana kallona. Mata sun fito bakin bukkoki.

Da muka gama ya ce, "Wanne kunne ne?"

"Hagu."

"Da ya taso daga wurin mai gishiri, gudu ya yi ko wurinka ya nufa?"

"Wurina ya nufa."

Na buɗe baki zan faɗi sauran da kaina, ya ce ba sai na faɗa ba. Ya zaro wata ƙaramar waya daga aljihu, ya nuna mini ita bai kunna ba. "Bidiyon abin da aka yi a kasuwa har nan ya iso. Uwarmu ma ta gani. Na tambayi masu ilimin abin ko shi ma a juye yake, suka ce a'a, wannan da idon baya aka ɗauka. Yadda aka yi haka ya fito."

Ya rako ni har bakin hanyar gero. Ya ce ba za su bi ni da komai ba, sun bar wa Allah. Amma dabbar rugar nan, ko akuya ce, ba za ta ƙara shiga hannuna ba, ni da 'ya'yana. Na ce na ji. Ya ce in gaida likita, ita ba ta yi laifi ba, yayansa yana yawan zancenta.

Ban isar da gaisuwar ba sai bayan shekara guda, ranar da ta fara zuwa kwata da farar rigarta. Ta duba hantar san da na yanka, ta ce a zubar. Na zubar. Sannan na gaya mata.